Hayaƙin Waje Na Kwana a Ɗakinka: Abin Yi da Abin Bari

Kada ka ɗauka rufe ƙofa ya raba ka da iskar titi. A Kano, daga Nuwamba zuwa Maris, ƙurar da hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana cakuɗuwa da hayaƙin janareto, na a-daidaita-sahu da na bola. Wadda kake tararwa a kan talabijin da safe, har yaro ya rubuta sunansa a kai da yatsa, mai kauri ce, hanci na tare yawancinta. Mai illar ita ce wadda ido ba ya gani, wadda masana ke kira PM2.5, ta fi silin gashi siranta kusan sau 30. Tana bi ta ƙarƙashin ƙofa da tsakanin kwano da bango, ta ratsa ragar sauro, ta gangara can ƙasan huhu har ta shiga jini. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matsakaicinta na yini kada ya wuce maikurogiram 15 a kowace mita kubik ta iska. Ranar da hazo ya rufe gari, ana ninka wannan sau da yawa.

Maigida, kada ka kunna janareto a soro, ko ƙarƙashin bene, ko gindin taga, ko da ruwa ake tsugawa, ko da ɓarawo kake tsoro. Ka kai shi fili, aƙalla mita 6 daga kowace ƙofa da taga, bakin salansa na kallon nesa da gida. Hayaƙinsa na ɗauke da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi, ba ta da wari. Tana sa ciwon kai da jiri, sannan barci ya yi nauyi, kuma sau nawa aka ɓalle ƙofa da safe aka tarar da iyali gaba ɗaya sun riga mu gidan gaskiya? Juya salansa zuwa tagar maƙwabci kuwa zalunci ne, ba shi da wani suna.

Kada ka cinna wa bola wuta da magariba. A daren sanyi hayaƙi ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a unguwa yana bin ɗakuna. Leda da taya sun fi komai muni. Mutanen Fatakwal sun ga yadda hayaƙin waje ke shiga ɗaki tun 2016, lokacin da baƙar toka ta fara sauka musu: su rufe gida ruf, su tashi tafin ƙafarsu baƙi ƙirin daga dandamalin ɗakinsu.

Ka rufe tagogin da ke kallon titi da sassafe da yamma, lokacin cunkoso, da duk ranar da hazo ya yi kauri. Ka toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma. Amma ka buɗe idan gari ya washe da rana, ɗaki ya sha iska.

Uwargida, kada ki rufe ɗaki ki shigar da kaskon gawayi don jin ɗumi. Kin tare hayaƙin waje, kin kulle kanki da yaranki da wanda ya fi shi. Turaren wuta ma ki yi shi taga a buɗe, jariri na wani ɗakin. Kada ki yi sharar busasshiyar ƙasa; ki yayyafa ruwa, ki goge kaya da tsumma mai laima.

Kada ka dogara da iyakwandishan. Irin na bango iskar ɗakin yake juyawa, kuma ragarsa ƙura mai kauri kawai take kamawa. Ka riƙa wanke ta. Mai hali ya sayi na'urar tace iska mai matatar HEPA, ya sa ta inda mai asma ko tsoho ke kwana, ba a falon baƙi ba.

Mai gina makaranta ko asibiti, kada ka jera tagogin aji da na ɗakin masu jinya suna fuskantar tasha ko ɗakin janareto. Iyaye kuwa, yaron da numfashinsa ke fito da dare, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, a kai shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.