Shaidun da Ruwa Ke Bari a Jikin Mota: Darasi Daga Kwarin Rima

Gabatarwa

A ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, lokacin da kuɗi ke shiga hannun manomi sananne ne: bayan an yanke shinkafar damina, da kuma bayan an cire albasa da tafarnuwar rani an kai kasuwa irin ta Achida. A wannan lokaci ne magidanci ke tunanin mallakar abin hawa, ko dai a-kori-kura ta ɗaukar buhuna, ko kuwa ƙaramar mota ta haya zuwa Sakkwato. Mafi yawan motocin da ake saye na hannu ne. Daga cikinsu kuwa akwai waɗanda suka taɓa nutsewa a ruwa, aka wanke su, aka goge, aka fesa turare, sannan aka kai su kasuwa. Wanda ya sayi irin wannan mota ya zuba gumin shekara guda a cikin abin da ke ruɓewa daga ciki.

Wannan maƙala za ta nuna cewa ruwa yakan janye, amma ba ya tafiya da shaidunsa. Shaidun nan guda huɗu ne: laka, funfuna, tsatsa da gurɓataccen mai. Dukkansu suna cikin darussan kimiyyar rayuwa da na sinadarai da ake koyarwa a makarantun sakandare.

Daga ina motocin ruwa ke fitowa?

Hanya ta farko ta gida ce. Goronyo da Wurno suna kan Gulbin Rima, Rabah kuma tana gefen Gulbin Sakkwato, kuma fadamun gulaben nan biyu sukan cika su batse a watannin Agusta da Satumba. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, an gina ta ne don ta riƙe ruwan da ya haura kubik mita miliyan 900. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfin kwarin, ya shafe ƙauyuka da gonaki a yankunan Goronyo da Wurno, ya gangara har ya yanke hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A watan Satumba na 2024 kuma, ɓallewar madatsar Alau ta nutsar da unguwanni da dama na Maiduguri. Bayan kowace ambaliya irin wannan, akan jawo motoci daga cikin taɓo, kuma ba dukkansu ne ke ƙarewa a wurin 'yan gwangwan ba.

Hanya ta biyu ta ƙetare ce. Guguwar Katrina a 2005, da ta Sandy a 2012, da ta Harvey a 2017 sun nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a Amurka. Kamfanonin inshora sukan biya masu su, sannan su yi gwanjon motocin da araha, wasu daga ciki kuma su biyo jirgin ruwa zuwa tashoshin Afirka ta Yamma irin su Legas da Kwatano. Don haka ba abin mamaki ba ne a ga motar da ruwan teku ya jiƙa tana tsaye a garin da ke nesa da teku da ɗaruruwan kilomitoci.

Shaida ta farko: laka

Ruwan ambaliya ba garai yake ba, yana ɗauke da ƙasar da ya kankaro. Masana sun kasa ƙwayoyin ƙasa gida uku bisa girmansu: yashi, da lallausar ƙasa, da yumɓu. Ƙwayar yumɓu ba ta kai milimita 0.002 ba, saboda haka takan daɗe tana yawo a cikin ruwa, ta bi shi duk inda ya kutsa. Idan ruwan ya tsaya na wasu sa'o'i, sai ta kwanta. Mai wankin mota yana iya wanke abin da ido ke gani, amma ba ya kwance mota don ya wanke lungunanta.

Saboda haka mai saye ya zo da tocila. Ya ɗaga kafet ɗin but, ya fitar da safaya, ya duba ramin da take kwanciya. Ya haska ƙarƙashin kujeru, da bayan dashbod, da cikin akwatin fiyus. Ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, domin ƙarshen bel yana naɗe a cikin jikin mota, inda ruwa ke zama ya bar tabo.

A nan akwai tambayar da ɗalibi mai lura zai yi: yaya za a bambanta laka da ƙurar hunturu, alhali kowace mota a Sakkwato tana shan ƙura? Ƙura tana sauka ne daga sama, ta zauna sako-sako, a hure ta ta tashi. Laka kuwa tana manne, ta bushe ta yi ɓawo mai tsattsagewa kamar ƙasan tafki da rani, kuma takan bar layi miƙaƙƙe a kwance wanda ke nuna iyakar inda ruwa ya kai. Idan aka tarar da ɓawon ƙananan katantanwa na ruwa, ko guntayen ciyawar fadama a ramin safaya, to magana ta ƙare.

Shaida ta biyu: funfuna

Funfuna halitta ce mai rai daga dangin naman kaza. Ba ta da koren sinadarin da tsirrai ke haɗa abinci da shi, don haka takan miƙa siraran zarurruka cikin abin da ta hau, ta narkar da shi ta tsotse. Tana yaɗuwa ne ta ƙwayoyin iri waɗanda ido ba ya gani. Na wani nau'i mai suna Aspergillus fumigatus ba su wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 1,000 na milimita ba. Irin nan yana cikin iska a ko'ina, abin da kawai yake jira shi ne danshi, ɗumi da abinci. Idan yadi ko soso ya jiƙe, funfuna na iya fara tsiro cikin sa'o'i 24 zuwa 48.

Mota tana ba ta duk abin da take so. A ƙarƙashin kafet akwai shimfiɗa mai kauri ta tsumma da soso wadda ke rage ƙara da zafi. Saman kafet na iya bushewa cikin yini ɗaya a ranar Goronyo, amma shimfiɗar ƙasa takan riƙe ruwa makonni, domin ƙarfe ne a ƙarƙashinta, kafet mai roba kuma a samanta.

A nan ne yanayin ƙasar Sakkwato ke yaudarar mai saye. Da hunturu danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali yawancin funfuna na buƙatar danshin da ya haura kashi 70 kafin su yi girma. Sai zarurrukan su bushe, wari ya ragu, mota ta zama kamar lafiyayya. Amma ƙwayoyin irin ba su mutu ba, barci suke yi. Da zarar damina ta sauka a watan Yuni, sai su farka. Ke nan lokacin da manomi ke da kuɗin saye shi ne daidai lokacin da wannan shaida ta fi yin shiru.

Hanyar tashe ta ita ce a rufe gilasan motar duka, a bar ta a rana na minti 15 ko 20, sannan a buɗe ƙofa a shaƙa nan take. Zafi yana tayar da sinadaran da funfuna ta bari. Wari irin na rumbun da ya yi yoyo, ko na tufafin da aka ajiye da jiƙa, alama ce. Haka nan ƙamshin ƙasa irin na ruwan farko, wanda wasu bakteriya na cikin ƙasa masu suna Streptomyces ke samarwa; ƙamshi ne mai daɗi a gona, amma ba shi da dalilin zama a cikin mota. Bayan haka a kunna fanka ko na'urar sanyaya mota a shinshina iskar farko da ta fito. Turare mai yawa fiye da kima, ko sabon kafet fil a cikin tsohuwar mota, su ma abin tuhuma ne. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Lamarin bai tsaya ga wari ba. Shaƙar irin funfuna kullum a rufaffiyar mota yana tayar da ciwon asma da atishawa. Aspergillus fumigatus kuma yana iya zama a cikin ramukan da tarin fuka ya bari a huhu, ya haddasa tari mai daɗewa, wani lokaci har da jini. Direban haya da ke yini a cikin motar shi ne ya fi kowa shaƙa.

Shaida ta uku: tsatsa

Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin. Gishiri yana hanzarta aikin, shi ya sa motar da ruwan teku ya taɓa ta fi ta ruwan gulbi saurin lalacewa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka takan kumbura fenti daga ƙasa.

Tsatsa a salansa ko a ƙarƙashin tsohuwar mota ba abin mamaki ba ne. Abin dubawa shi ne tsatsa a wuraren da ruwa ba ya zuwa a bisa al'ada: kusoshin da suka riƙe kujeru, dogon ƙarfen da kujera ke zamewa a kai, sifirin na ƙarƙashin kushin, da sandunan birki da totur daga can sama.

Wayoyin mota na jan ƙarfe ne, kuma tasu tsatsar koriya ce ko fara kamar gari. A cire mahaɗar waya ɗaya ko biyu a ƙarƙashin kujera a haska. Wannan ita ce ɓarna mafi haɗari, domin a hankali take ci. Motocin zamani suna da ƙananan kwamfutoci masu sarrafa inji, birki da jakar iska mai kare direba, wasunsu kuma a ƙasa suke, kusa da kafet. Mota na iya tashi lafiya a ranar ciniki, bayan wata uku ta mutu a tsakiyar hanya. A murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba: fitilun gargaɗi na dashbod su kama duka, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa ne an kashe ta da gangan.

Shaida ta huɗu: mai

Mai da ruwa ba sa haɗuwa, amma idan inji ya kaɗa su tare, sai ruwan ya farfashe ya zama ƙananan ɗigo a cikin man, launinsa ya koma kamar shayi mai madara. A zaro ma'aunin baƙin mai, a duba murfin da ake zuba shi, a duba man giya. Sai dai juye mai abu ne mai sauƙi, don haka tsabtar mai ita kaɗai ba ta wanke mota daga zargi. Haka kuma inji yana matse iska da fetur zuwa kusan kashi 1 cikin 10 na girmansu, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Idan inji ya zuƙi ruwa yana aiki, sandar fistin takan lanƙwashe. Wannan aikin amintaccen makanike ne, wanda mai saye ya zo da shi da kansa, ba wanda dillali ya kawo ba.

Ruwan sama da ruwan ƙasa

Akwai motocin da ruwa ke shigarsu ba tare da ambaliya ba. Su ne masu rufin yadi da ake naɗewa baya, da masu taga a rufi, da a-kori-kura mai rumfar tamfol. Rana tana busar da robar bakin rufi ta tsage, ƙura kuma tana toshe ƙananan bututun da aka yi don zubar da ruwan rufin. Sai ruwan ya taru a bayan kujeru da cikin but. Bambancin shi ne ruwan sama ba ya kawo laka, tabonsa kuma daga sama yake gangarowa. Gwajinsa mai sauƙi ne: mutum ɗaya ya zauna a ciki, wani ya zuba bokiti biyu ko uku a kan rufin. Yoyo yana gyaruwa idan bai daɗe ba, sai a rage farashi. Motar da laka ta kai dashbod ɗinta kuwa, barinta ya fi.

Ga motar da ta fito daga Amurka, lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana ba da damar bincika tarihinta ta intanet, inda sau da yawa ake ganin ko an taɓa rubuta ta a matsayin motar ambaliya.

Aikin gwaji a aji

1. A zuba ƙasar fadama cikin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. Ɗalibai su rubuta abin da ya kwanta bayan minti 1, bayan sa'o'i 2, da bayan kwana 2.

2. A sami soso biyu, a barbaɗa musu garin burodi. A jiƙa ɗaya, a bar ɗaya a bushe, a ɗaure kowanne a farar leda. A duba kullum har mako guda. Kada a buɗe ledar da ta yi funfuna. Malami ya ƙone ta a waje.

3. A sa ƙusa a kwalabe uku: busasshiya, mai ruwan rijiya, da mai ruwan gishiri. Wace ƙusa ce ta fara tsatsa, kuma me ya sa?

Kammalawa

Shaida ɗaya tana iya samun wani bayani, amma idan laka da wari da tsatsa suka haɗu a mota ɗaya, ba a buƙatar rantsuwar kowa. Dubawar nan ba ta wuce sa'a guda, kayan aikinta kuma tocila ne da hanci da haƙuri. A yi ta da rana tsaka, a guji cinikin biri a sama. Shi ma mai sayarwa ya tuna cewa ɓoye aibin haja algus ne, kuma shari'a ta ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Ɗalibin da ya fahimci wannan darasi yana iya raka mahaifinsa ko yayansa wurin ciniki, ya ɗaga kafet, ya fitar da safaya, ya ceci kuɗin albasar shekara guda.