Matakan gano abin da ya sa Vagrant ke sauya wa na'urarka suna a VirtualBox

Masu rubuta manhaja da yawa suna amfani da Vagrant, wanda Mitchell Hashimoto ya fara fitarwa a 2010, domin ya haɗa musu kwamfutar kwaikwayo a cikin VirtualBox da umarni guda, wato `vagrant up`. Wata rana sai mutum ya buɗe VirtualBox ya tarar na'urar da ya sani ta koma amsa wani dogon suna kamar `shago_default_1700000000000_48213`, ko ya ga na'urori biyu inda da guda ce. A nan ne hankali kan tashi, wasu su yi gaggawar buga `vagrant destroy`, su yi asarar rumbun bayanan da suka daɗe suna tarawa. Kada ka goge komai tukuna. Vagrant ba da suna yake gane na'ura ba, da wata lamba ce da ake kira UUID. Suna tamkar rubutun jikin mota ne, UUID kuwa lambar inji.

Mataki na 1: Tantance wane suna ne ya sauya

Na'ura ɗaya tana da sunaye uku. Akwai wanda Vagrant ke kiranta da shi, wanda ake sa wa da `config.vm.define`, in ba a sa ba ya zama `default`. Akwai wanda VirtualBox ke nunawa, shi ne `vb.name`. Sai sunan da na'urar ke amsawa daga ciki, wato `config.vm.hostname`. Gyara ɗaya ba ya taɓa sauran. In sunan da kake gani bayan `vagrant ssh` ne ya sauya, matsalarka tana wajen na ukun. Sauran matakan nan kan sunan VirtualBox suke.

Mataki na 2: Ajiye kwafi, sannan ka gwada lambobi

A cikin foldar aikinka akwai ɓoyayyiyar folda mai suna `.vagrant`. Kwafe ta zuwa wani wuri kafin ka sake buga kowane umarni na Vagrant, domin in ya nemi na'urar bai same ta ba, yakan share abin da ya ajiye a kanta.

Daga nan ka buga `VBoxManage list vms`. Zai jero kowace na'ura da sunanta da UUID ɗinta. Sai ka buɗe fayil ɗin `.vagrant/machines/default/virtualbox/id`, wanda lamba ɗaya tak ce a ciki. In lambar ta yi daidai da ta na'urarka ta asali, to suna kawai aka sauya, kayanka na nan lafiya, ka ci gaba da mataki na 3. In kuwa lambar ta wata sabuwar na'ura ce, tsohuwar na gefe a kashe, to ba sauyin suna ba ne, sabuwa Vagrant ya haɗa. Ka tsallake zuwa mataki na 5.

Mataki na 3: Karanta sunan da kansa

Idan ba ka ba da suna ba, Vagrant na ƙera nasa daga abu huɗu: sunan foldar aiki, sunan na'urar a wajensa, lokacin da aka yi sunan, da wata lambar canki-canka da ba ta kai 100,000 ba. Dogayen alƙaluman nan 13 na tsakiya adadin lokaci ne tun daga 1 ga Janairun 1970, an ƙirga shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Cire ukun ƙarshe, ka ba `date -d @` abin da ya rage a Linux, zai gaya maka ranar da sa'ar da aka raɗa sunan. Wannan kaɗai yakan warware rabin matsalar, domin za ka tuna abin da ka taɓa a ranar.

Abin da ke hana Vagrant maimaita raɗin a kullum wani ɗan fayil ne, `action_set_name`, da ke zaune kusa da fayil ɗin `id`. Duk lokacin da zai kunna na'ura sai ya duba shi. In yana nan kuma ba a sa `vb.name` ba, sai ya wuce. In ya ɓata, sai ya ɗauka ba a taɓa raɗa suna ba, ya yi sabo.

Mataki na 4: Nemo wanda ke ba da sunan

Nan ne ya fi cin lokaci, kuma nan aka fi samun mai laifin. Idan an sa `vb.name`, Vagrant ba ya kula da wancan ɗan fayil. A kowace kunnawa zai gwada sunan da ke rubuce da wanda ke VirtualBox, in sun bambanta ya mayar da nasa. Shi ya sa wanda ya gyara suna da hannu a tagar VirtualBox zai ga an koma gidan jiya bayan `vagrant reload`.

Ka tuna Vagrantfile rubutun Ruby ne da ake karantawa sabo a kowane umarni. Wanda ya haɗa suna da `Time.now` zai samu sabon suna a kowace kunnawa. Wanda ya yi amfani da `Dir.pwd` kuma sunan zai bi foldar da yake tsaye a ciki, saboda Vagrant yana karɓar umarni daga ƙananan foldoji, ya hau sama neman Vagrantfile. Na fi son a rubuta suna tsayayye, in kuma dole ne ya bi foldar aiki, a yi amfani da `__dir__`.

In ba ka ga komai a naka fayil ba, akwai wasu biyu da Vagrant ke karantawa kafin naka: wanda ya zo a cikin akwatin (box) da ka sauke, da wanda ke `~/.vagrant.d/Vagrantfile`. Duba su. Duba kuma ko an taɓa kwafe foldar aikin gaba ɗaya har da `.vagrant`, domin a lokacin foldoji biyu ne ke riƙe da na'ura ɗaya, in kuma sunan yana bin foldar aiki, kowacce ta kunna ta sai ta ɗora nata suna. Idan har yanzu da duhu, buga `VAGRANT_LOG=info vagrant up` ka nemi layukan da ke ambaton `setname`.

Mataki na 5: Mayar da Vagrant ga tsohuwar na'ura

Galibi `.vagrant` ce ta ɓata, ko ta hanyar `git clean -fdx`, ko an sake sauke aikin a sabuwar folda. Kashe sabuwar na'urar da `vagrant halt`, ka rubuta UUID na tsohuwar a cikin fayil ɗin `id`, sannan ka kunna da `vagrant up --no-provision`, don kada rubutun girka kaya su sake gudana a kan bayananka.

Wataƙila `vagrant ssh` ya ƙi shiga. Tun daga Vagrant 1.7 kowace na'ura da makullinta, kuma wanda ke `private_key` yanzu na sabuwar ne. Shiga ta tagar VirtualBox. A yawancin akwatuna sunan shiga da kalmar sirri duk `vagrant` ne. Sai ka ƙara ɓangaren fili na makullin a `~/.ssh/authorized_keys`.

Mataki na 6: Kafa suna, ka share ragowa

Rubuta wannan a Vagrantfile:

    config.vm.provider "virtualbox" do |vb|
      vb.name = "shago-gwaji"
    end

Idan aka ce maka akwai na'ura mai wannan suna, wata ce ta riga ka, ka sauya naka ko nata. Idan kuma ka ga `VERR_ALREADY_EXISTS`, tsohuwar folda mai sunan ce ta rage a cikin `VirtualBox VMs`, domin VirtualBox yana sauya sunan foldar tare da na na'urar. Leƙa cikinta ka tabbatar babu faifan da kake buƙata, ka matsar da ita gefe. Na'urar da ka tabbatar ba ka so, cire ta da `VBoxManage unregistervm` tare da UUID ɗinta da `--delete`, sannan ka buga `vagrant global-status --prune`.

Ka sa `.vagrant` a cikin `.gitignore`, domin lambar da ke ciki ta kwamfutarka ce kai kaɗai. In kuma kuna aiki da abokai a kan Vagrantfile ɗaya, ka sanar da su kafin ka sa `vb.name`, don sunan na'urorinsu ma zai sauya da zarar sun kunna.