Darasi: Gyaran Gani da Hasken Lesa

Wanda ba ya hangen nesa sai da tabarau, yawanci idonsa ne ba ya tattara haske daidai. Likitoci kan gyara wannan da hasken lesa. A wata hanyar sai an yanka fatar gaban ido an ɗaga ta kamar murfi. A hanyar PRK kuwa, wadda hukumar Amurka ta amince da ita a 1995, saman fatar kawai ake kankarewa, ya sake tofowa cikin 'yan kwanaki. Akwai raɗaɗi a kwanakin nan, kuma dole a guji ƙura.

Amma manomin Bomo ya lura, wannan aiki ba ya cire yanar ido. Mai yana ya nufi asibitin koyarwa na Shika, kada ya miƙa idonsa ga mai tsinke a kasuwa.