Darasin Kimiyya: Direban Katin Hoto a Lokacin Girka Ubuntu

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan wani ɗan akwati ne da ke fitowa a ɗaya daga cikin shafukan manhajar girka Ubuntu. A gefensa an rubuta tambaya: ko kana so a girka maka manhajojin wasu kamfanoni na daban domin katin hoto da Wi-Fi? Mutane da yawa suna danna shi ko su wuce shi ido rufe. Kafin a kaɗa ƙararrawa ina so kowa a ajin nan ya iya faɗin abin da ke faruwa a cikin na'ura bayan wannan dannawa.

Mene ne direba?

Mu fara da lissafi. Allon da ke da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana ɗauke da ɗigo 2,073,600. Idan ana sabunta hoton sau 60 a daƙiƙa ɗaya, ku ninka ku gani: ɗigo fiye da miliyan 124 ke nan a kowace daƙiƙa. Shi ya sa aka ware wa wannan aiki na'urarsa ta musamman, wato katin hoto, wanda ake kira GPU. Kusan kwamfuta ce a cikin kwamfuta, da nata ma'ajin da ɗimbin ƙananan masu lissafi da ke aiki a lokaci guda.

Matsalar ita ce kenel, wato zuciyar Linux wadda Ubuntu ke aiki a kanta, ba ya jin yaren wannan kati. Direba shi ne tafinta a tsakaninsu. Kuma ku rubuta wannan a littafinku: direban hoto rabi biyu ne. Rabi ɗaya yana shiga cikin kenel ya riƙa magana da ƙarfen kai tsaye. Ɗaya rabin tarin fayiloli ne da manhajoji ke kira idan suna son zane ko lissafi, irin su OpenGL da Vulkan da CUDA. A wajen katunan kamfanin NVIDIA dole lambar fitowar rabin biyu ta zama ɗaya. Wanda ya sabunta direba bai sake kunna kwamfuta ba yakan tarar da saƙon cewa sun saɓa, domin tsohon rabin yana nan cikin kenel, sabon kuma yana kan faifai.

Buɗaɗɗe da rufaffe

Intel da AMD sun daɗe suna ajiye direbobinsu a fili cikin kenel, ɗaya rabin kuma yana cikin aikin da ake kira Mesa. Mai irin waɗannan katuna ba shi da wani aiki a yau, ya saurara kawai. Rigimar ta NVIDIA ce, wanda ya yi shekaru yana ba da direba a rufe: ka yi amfani da shi, amma ba ka ga yadda aka rubuta shi, balle ka gyara.

Wasu masu aikin sa kai sun rubuta nasu direban buɗaɗɗe mai suna Nouveau, ta hanyar lura da yadda rufaffen ke magana da kati suna kwaikwayo. Aiki ne na haƙuri, kamar koyon yare ta hanyar laɓewa a bayan ƙofa. Sai dai daga katunan GTX 900 na shekarar 2014 kamfanin ya sa kati ba ya karɓar famwayar da ba ta da sa hannunsa, famwaya kuwa ita ce 'yar manhajar da ke gudana a cikin katin kansa. Sakamakon haka Nouveau ya daɗe bai iya ɗaga saurin waɗannan katuna ba. Hoto zai fito, amma kamar mota ce da aka kulle a giya ta ɗaya. A 2012, a Jami'ar Aalto ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro kenel ɗin Linux, ya taɓa yi wa NVIDIA ɗanyen zagi a gaban kyamara, wanda ba zan maimaita shi a aji ba. A watan Mayun 2022 NVIDIA ya buɗe rabin da ke shiga kenel, amma na katunan GTX 16 da RTX 20 zuwa sama kawai, ɗaya rabin kuma har yanzu a rufe yake.

To me ya sa ake tambayarka, ba a girka kawai ba? Domin lasisin rufaffen direba ba irin na sauran kayan Ubuntu ba ne, dole ka yarda da kanka. Kowane gidan Linux kuma da tsarinsa. Ubuntu ta fara saka direban NVIDIA a cikin fayil ɗin girkawa tun fitowar 19.10, don a iya girka shi ba intanet, abin da duk mai sayen data da kuɗin aljihunsa zai yaba. Debian ta yi ƙuri'a a 2022 kafin ta yarda a saka rufaffiyar famwaya a faifanta, aka fara da Debian 12 a Yunin 2023, amma shi direban NVIDIA sai ka nemo shi daga baya. Pop!_OS kuwa fayil na daban ta ware wa masu NVIDIA.

Yadda manhajar girkawa ke gane kati

Ba da sunan da ke jikin kwali take aiki ba. Kowace na'ura da ke kan layin PCI tana da lambobi biyu, ta kamfani da ta samfuri. Ta NVIDIA 10de ce, ta AMD 1002, ta Intel 8086. Ku buga lspci -nn a tamina za ku gan su. Kowane kunshin direba yana tafe da jerin lambobin da yake iya ɗauka, sai wata 'yar manhaja mai suna ubuntu-drivers ta gwada lambar katinka da jerin, ta zaɓi wanda ya dace.

Wannan ya shafe mu sosai, tunda yawancin kwamfutocin da ke gabanku na hannu ne. NVIDIA yana yaye tsofaffin katuna: zuriyar Fermi ta tsaya a direba 390, zuriyar Kepler a 470. Sabon direba ba zai kula su ba ko kaɗan. Abin ban haushi, katin GT 730 an sayar da shi da suna ɗaya alhali wani Fermi ne a ciki, wani Kepler. Mutum biyu za su riƙe kwali iri ɗaya, direbansu daban. Suna linzami ne, amma a nan lamba ce ke faɗin gaskiya.

Idan allo ya yi baƙi tun kafin a fara

Wani lokaci ka sa filash, ka kunna, sai duhu. Yawanci Nouveau ne ya ci karo da katin da ya fi shi sabunta. Sake kunnawa, a jerin farko ka zaɓi layin da aka rubuta safe graphics. Abin da yake yi shi ne ƙara wa kenel kalmar nomodeset, wato a bar allo yadda famwayar kwamfuta ta saita shi. Rubutu zai yi ƙato, motsi zai yi nauyi, amma ya isa a kammala girkawa.

Secure Boot, inda aka fi faɗuwa

A nan nake so ku natsu. Kwamfutocin zamani suna da wani mai gadi da ake kira Secure Boot, wanda ba ya barin komai ya tashi sai da sa hannun da ya sani. Abin sarƙa ne. Famwayar kwamfuta ta san sa hannun Microsoft. Microsoft ya sa wa wata ƙaramar manhaja mai suna shim hannu. Shim tana ɗauke da makullin Canonical, kamfanin da ke yin Ubuntu, da shi take tantance GRUB, manhajar da ke tayar da kenel, da kenel ɗin kansa. Shi kuma kenel ba zai karɓi wani ɓangare a cikinsa ba sai mai sa hannu.

Ga katuna da yawa Canonical ya riga ya harhaɗa rabin kenel na direban ya sa masa hannu, shi ke nan. Amma akwai lokacin da ake harhaɗa shi a kan kwamfutarka, ta hanyar tsarin DKMS, wanda ke sake gina shi duk lokacin da kenel ya canza. Wannan ba wanda ya sa masa hannu a waje. Sai kwamfutar ta ƙera makullinta na kanta, ana kiransa MOK, ta nemi ka gabatar da shi ga mai gadin da hannunka. Shi ya sa manhajar girkawa ke neman ka zaɓi wata kalmar sirri. Ba ita ce ta shiga kwamfuta ba, sau ɗaya tak za a yi amfani da ita.

Bayan an sake kunnawa wani shuɗin allo zai bayyana, yana jira na 'yan daƙiƙu a danna kowane maɓalli. Bara na tsaya a bayan wani ɗalibi a daidai nan. Ya ga shuɗi, ya ɗauka na'urar ta lalace, ya janye hannunsa ya zura ido har lokacin ya ƙare. Ubuntu ta tashi lafiya, direba yana kan faifai, amma kenel ya ƙi shi, muka shafe rabin awa muna neman laifin kati. Abin da ya kamata ya yi kaɗan ne: ya danna maɓalli, ya zaɓi Enroll MOK, sai Continue, sai Yes, ya rubuta kalmar sirrin, ya sake kunnawa.

Ku da kuka zo daga Maraɗi da Damagaram da kwamfuta mai madannan Faransanci, ku kula. Shuɗin allon nan tsarin madannan Amurka yake bi. Haruffan A da Q sun yi musanya, haka Z da W, M ma ta ƙaura. Za ka rubuta kalmar daidai a ce maka kuskure ne, kuma ba a nuna abin da kake rubutawa. Ka zaɓi haruffan da ke wuri ɗaya a tsarin biyu, kamar r, t, s, d, f, g, aƙalla guda takwas.

Wasu za su ce a kashe Secure Boot a huta. Yana yiwuwa, direba zai tashi. Ni dai ban so, musamman ga mai Windows a gefe, domin BitLocker, mai kulle faifan Windows, na iya neman makullin ceto bayan an taɓa wannan saiti, kuma ba kowa ya ajiye nasa ba. Haka nan ban yarda sabon shiga ya sauko da fayil ɗin .run daga shafin NVIDIA ba. Yana rubutu a wuraren da manhajar kula da kunshi ba ta sani ba, ranar sabuntawa sai su yi karo.

Aikin gwaji

Kowa ya tabbatar batirinsa a cike yake, kada a ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta faifai. Bayan girkawa ku buga umarni uku ku kwafo sakamakon. Na farko mokutil --sb-state, zai gaya muku ko mai gadin yana bakin aiki. Na biyu lspci -k, ku nemo layin katin hoto ku ga direban da ke riƙe da shi, nouveau ne ko nvidia. Na uku nvidia-smi: idan jadawali ya fito da sunan kati da zafinsa da lambar direba, rabin biyu sun haɗu.

Wanda ya ga an girka direba amma lspci bai nuna nvidia ba, ya rubuto mini a rabin shafi wace gaɓa ce ta tsinke: lambar kati, ko kenel, ko sa hannu, da hujjarsa. A kawo ranar Litinin.