DARASIN KIMIYYA: YADDA AKE TONA ASIRIN ƘARFEN DA YA ƁUYA CIKIN RUWA

Ya kai mai karatu, idan ka jefa gishiri a ruwa ya narke, za ka gan shi? To haka ƙarafa suke. Dalma da jan ƙarfe da baƙin ƙarfe duk suna iya narkewa su zama 'yan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki, waɗanda masana ke kira ayon. Ido ba ya ganinsu, alhali wasu guba ne.

Wannan ba zancen wasa ba ne. A shekarar 2010, yara sama da 400 suka rasu a Jihar Zamfara, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda gubar dalma. Dalili kuwa, ana niƙa duwatsun zinariya cikin gidaje, ƙurar ta gauraye da ƙasar da yara ke wasa a kai. To yaya za a gane irin ƙarfen da ke cikin ƙasa ko ruwa? Ga hanya ɗaya, sunanta kuromatogirafi.

Asalinta

Wani masanin tsirrai na ƙasar Rasha, Mikhail Tsvet, shi ya fito da ita a farkon ƙarni na 20. Ya tsiyaya ruwan ganye ta cikin garin alli, sai launukan suka rabu, kore daban, rawaya daban. A 1938 wasu masana biyu, Izmailov da Shraiber, suka gwada shimfiɗa garin a kan gilashi. Wannan ita ce hanyar faranti mai siririn shafe, wadda Egon Stahl na Jamus ya daidaita a shekarun 1950.

Yadda ake yi

1. A samu faranti na gilashi ko alminiyam da aka shafe da garin silika ko na selulos, wato abin da ake takarda da shi. Kaurin shafen bai fi rubu'in milimita ba.
2. A ja layi da fensir, kamar santimita 1 daga gindi. Kada a sa biro, don tawadarsa za ta bi ruwa ta ɓata aiki.
3. A ɗiga ɗigo ɗaya na ruwan da ake tuhuma a kan layin, a bari ya bushe. In ƙasa ce, sai an fara jiƙa ta da asid.
4. A tsayar da farantin cikin kwalba mai ɗan ruwan magani, misali asiton da aka sa wa asid, amma kada ruwan ya kai layin. A rufe.

Sai ruwan ya riƙa hawa, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, yana jan ƙarafan. A nan hikimar take. Ka dubi yara in an tashi daga makaranta: tare suka fito, amma wani ya miƙe gida, wani kuwa sai ya tsaya gun mai ƙosai. Haka ƙarfen da ya fi son ruwan zai yi gaba, wanda ya fi manne wa garin ya yi baya. A kan selulos da wannan ruwa, baƙin ƙarfe kan kai kusan ƙoli, jan ƙarfe ya biyo shi, nikel kuwa da kyar yake barin layi.

Bayyana su

Sun dai rabu, amma har yanzu da wuya a gan su. Sai a fesa wani magani, kowane ya nuna launinsa. Amoniya na mai da jan ƙarfe shuɗi, tayosayanet na mai da baƙin ƙarfe ja kamar jini, ayodayid kuwa na mai da dalma rawaya. Daga nan sai lissafi: a raba nisan da tabo ya yi da nisan da ruwa ya yi. In tabo ya yi santimita 3, ruwa ya yi 10, amsa 0.3 ke nan. Sai a gwama da ta sanannen ƙarfe da aka ɗiga a gefe a farantin.

Hanyar tana da araha da sauri, amma iyakarta ta ce "akwai". Sanin ainihin yawan dalma a jinin yaro sai na'urar asibiti.

Gwada a gida

Asid ba abin wasan yara ba ne, a bar wa ɗakin gwaji. Kai dai ɗiga tawadar baƙar maka mai wankuwa a kan takarda mai shan ruwa, ka tsoma gindinta a kofi, ka ga launukan da za su fito. Tawadar allo ba za ta rabu ba, don baƙinta na gawayi ne, ba ya narkewa.

Iyaye kuma, a kula. Kada a niƙa dutsen ma'adini a gida, a wanke wa yara hannu kafin cin abinci. An kuma sha samun dalma mai yawa a dutsen kwallin kasuwa, don haka a kiyaye idon jarirai. Rai amana ne.

Tambayoyi

1. Don me ake jan layi da fensir?
2. Tabo ya yi santimita 4, ruwa ya yi 8. Nawa ne amsa?

A kawo wa malamin aji. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin. Wassalam.