Zafin Fitsari Mai Dawowa: A Yi Awo Kafin Maganin Kullum

A gidajenmu na Jega, Aliero da Maiyama, da mace ta ji fitsari na yi mata zafi sai a ce sanyi ne, a aiki yaro kemis ya sayo kafso huɗu. Ya lafa, bayan wata ya dawo. Likitoci suna da maganin rigakafi da ake sha kullum saboda irin wannan, amma yana da ƙa'ida.

1. Ki riƙa rubuta ranar da ciwon ya tashi. Sai ya zo sau 2 cikin wata 6, ko sau 3 a shekara, kafin likita ya fara maganar rigakafi.

2. A yi awon fitsari na gano ƙwayar cutar, kuma kafin a sha komai. Ki yi tsarki, ki bar na farko ya zuba, ki tari na tsakiya a kwalbar da asibiti suka ba ki, a kai shi cikin awa 2. Sakamakon kan ɗauki kwana 2 zuwa 3, shi zai nuna maganin da har yanzu yake kashe ƙwayar. Wannan shi ne babban abu, domin E. coli, wadda ta fi jawo ciwon, ta daina jin Septrin a jikin mutane da yawa saboda shan barkatai. In babu awon a garinku, ki nemi takarda zuwa Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi. Kuɗin motar bai kai abin da kemis ke ci a shekara ba.

3. In likita ya ɗora ki a kan nitrofurantoin, ƙwaya ɗaya ce da dare, a sake dubawa cikin wata 6. Tari ko ƙarancin numfashi ko idanu su yi ɗorawa, ki tsayar ki koma asibiti. Wata kuma ƙwaya ɗaya bayan saduwa ta ishe ta. Kada ki ba kishiya ko maƙwabciya naki.

4. Mai juna biyu kada ta sha komai sai ta faɗa a wurin awon ciki.

5. Ruwa. Wani bincike na 2018 ya nuna ƙarin lita 1.5 a rana ya rage dawowar ciwon da kusan rabi ga matan da ba sa shan ruwa sosai. A daina riƙe fitsari, tsarki daga gaba zuwa baya, a bar matsi.

6. Yaro mai wanka a gulbi ko fadama, in yana ɗigar da jini a ƙarshen fitsari, a duba tsargiya. Maganinta praziquantel ne. Maigida kuwa, in nasa yana maimaituwa, a auna suga da kumburin ƙasan mafitsara.

7. Zazzaɓi, amai da ciwon kwiɓi alama ce ciwon ya hau ƙoda. Don Allah a tafi asibiti a ranar, kada a jira gobe.