Tafkin Walden: Tarihinsa da Siffofinsa

Na fara cin karo da sunan Walden ne a kwas ɗin adabin Amurka da na ɗauka a Sashen Turanci. Da na zo rubuta wannan maƙala sai na rasa ko in ce masa kududdufi ko tafki. Malaminmu ya ce kududdufi rami ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, ruwa ya taru a ciki. Wannan kuwa ba hannun mutum ya haƙa shi ba, saboda haka tafki ne.

Yana garin Concord, a jihar Massachusetts ta Amurka, faɗinsa ya ɗan haura eka 60. Masana sun ce fiye da shekara 10,000 da suka wuce wani ƙaton dunƙulen ƙanƙara ya maƙale cikin yashi da tsakuwa, da ya narke sai ya bar rami. Babu rafin da ke zuba cikinsa, babu mai fita. Ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa ne ke cika shi.

Wanda ya fito da sunan wurin shi ne marubuci Henry David Thoreau. Ya gina ɗan ɗaki a bakin tafkin, a filin abokinsa Emerson, ya zauna daga 1845 zuwa 1847. Littafinsa mai suna Walden ya fito a 1854.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar zurfi. Mutanen yankin sun daɗe suna cewa tafkin ba shi da ƙarshe, amma ba wanda ya auna da kyau. A hunturun 1846, lokacin da saman ruwan ya daskare, Thoreau ya hau, ya huda ƙanƙarar wuri-wuri, ya riƙa zura igiya da dutse ɗaure a bakinta. Ya sami ƙafa 102 a wuri mafi zurfi, wato kimanin mita 31. Na'urorin zamani da aka auna da su daga baya kusan abin da suka nuna ke nan.

A 1922 iyalan Emerson da wasu iyalai biyu suka ba jihar filin, yau kuma wurin shaƙatawa ne na gwamnati, ana iyo ana kamun kifi. Sai dai yawan baƙi ya zaizaye gaɓar tafkin, har hukuma ta ƙayyade mutum 1,000 a lokaci guda. In sun cika, sai a rufe ƙofa.